Daga shamuwa zuwa tauraron ɗan adam: tarihin hasashen damina a ƙasar Gobir

Rubutun na da ɗan tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe.

Duk shekara, tun damina da saura, hukumar NiMet kan fitar da hasashenta: yaushe ruwa zai sauka, yaushe zai ɗauke, ina za a samu tsaikon ruwa a tsakiya. Bayanta hukumar NIHSA ta fitar da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya ka iya shafa. Duk shekara kuma mutanenmu kan kasu biyu. Wasu su ce ai waɗannan shiga hurumin Allah suke yi. Wasu su ce ƙarya ce zalla, bara sun ce za a yi ruwa ranar kaza, ko yayyafi ba a yi ba. Kaɗan ne ke tsayawa su tambaya: wane irin hasashe ne ke faɗuwa daidai, wanne ne ke yawan kuskure, kuma wanne ya fi shafar mai gona a fadamar Rima? Ina ganin tarihi zai taimaka mana da amsa.

Da farko, hasashen damina ba Bature ya kawo mana shi ba. Tun kafin a haifi uwar mai sabulu balbela take da farinta. Tsofaffinmu na duban gawo, itacen da ke cika da ganye da rani, ya kakkaɓe shi idan damina ta kawo jiki. Suna jiran shamuwa ta dawo daga kudu ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari. Suna lura da ranar da iska ta juya, ta daina zuwa daga gabas maso arewa da ƙura, ta koma busowa daga kudu maso yamma da laima. Malamai kuma na da lissafin taurari 28, kowanne kwana 13 in ban da Jabha mai 14, jimla 365. Taurarin damina bakwai ne, daga Haƙa'a har Harsan, kuma har gobe akwai dattijon da ba zai yi shuka ba sai ya tambayi tauraron da ake ciki. Malaman sun bambance abu biyu tun tuni: wanda ya ce tauraro ne ya ba shi ruwa ya kauce hanya, wanda ya riƙi tauraro alamar lokaci bai yi laifi ba. To shi ma mai na'ura alama yake karantawa. Saukar da ruwa na Allah ne shi kaɗai, duban hadari kuwa ko yaron da ke kiwo yana yi.

Wannan tsohon ilimi ya iya faɗin lokaci, amma bai iya faɗin yadda shekara za ta ƙare ba. Shaidar haka na cikin sunayen da kakanninmu suka raɗa wa yunwa.

A 1913 damina ta gaza a faɗin ƙasar Hausa, aka shiga yunwar Kakalaba wadda ta kai har 1914. A lokacin Turawan mulki sun riga sun kafa ma'aunin ruwa a manyan garuruwa, na Kano ma tun 1905 ake rubuta shi. Ke nan sun ga ƙarancin ruwan a takarda tun kafin kaka. Amma haraji bai tsaya ba, agajin kirki bai zo ba, jama'a suka mutu da yawa. Michael Watts ya bi diddigin wannan a littafinsa Silent Violence na 1983. Tun daga nan ya kamata mu gane cewa auna ruwa daban, amfani da awon don ceton rai daban.

A 1927 aka yi 'Yar Buhu. Sai kuma Muda ta 1953 zuwa 1954, wadda ya kamata mutanen gulbi su riƙe ta da kyau. Binciken John Grolle, wanda ya tattara bayanan tsofaffi a Nijar da arewacin Najeriya, ya nuna cewa yawan ruwa ne ya jawo Muda. Ruwa ya yi ta zuba babu ƙaƙƙautawa, gero ya jiƙe ya lalace a gona. Wato tun zamanin kakanninmu ƙasar nan tana da yunwa iri biyu, ta fari da ta ruwa.

Shekarun 1950 shekarun ni'ima ne, har mutane suka faɗaɗa gonaki zuwa arewa, inda da makiyaya kawai ke zuwa. Daga 1968 abin ya juya. Farin 1972 da 1973 ya karkashe dabbobi, ya kori dubban mutane daga Nijar zuwa Sakkwato da Kano. Na 1984 ya fi shi ƙarancin ruwa. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Tsibiri na kiran yunwar wannan shekara El-Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar da gwamnatin soja ta yi a watan Afrilun 1984, hatsi ya kasa ƙetarawa. Idan aka kwatanta ruwan waɗannan shekaru da na 1931 zuwa 1960, yankin Sahel ya yi asarar tsakanin kashi 20 zuwa 40 cikin 100. Babu masanin da ya hango wannan fari kafin ya zo, ko a Landan ko a Faris.

Wannan kunya ce ta tayar da masana. A 1973 ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar CILSS don yaƙi da fari, a 1974 aka buɗe cibiyar AGRHYMET a Yamai don horar da masu auna ruwan sama da na koguna. A 1977 Turai ta harba tauraron ɗan adam na Meteosat, wanda ke tsaye saitin Afirka yana ɗaukar hoton gajimare. Da farko an ɗora laifin farin a kanmu. Wani masani a Amurka, Jule Charney, ya kawo ra'ayi a 1975 cewa yawan kiwo da ƙarewar ciyayi ne ke korar ruwa. Sai a 1986 masana uku na hukumar yanayi ta Birtaniya, Folland da Palmer da Parker, suka nuna cewa daminar Sahel na da alaƙa da ɗumin ruwan tekunan duniya. Idan tekun arewa ya yi sanyi fiye da na kudu, iskar damina ba ta hawowa sosai zuwa wajenmu. Ruwan teku kuwa a hankali yake sauya zafi, don haka wanda ya auna shi a watan Afrilu zai iya cewa wani abu game da Agusta. A kan wannan tushe aka fara hasashen damina na zamani. Daga 1998 masanan Afirka ta Yamma suka fara zama tare kowace shekara kafin damina su fitar da matsaya ɗaya. A Najeriya dokar da ta kafa NiMet ta zo a 2003, ta NIHSA a 2010.

Akwai abin lura a nan. NiMet na ƙarƙashin ma'aikatar sufurin jiragen sama, kuma manyan tashoshinta na filayen jirgi. Tun asali matuƙin jirgi aka gina wa wannan aiki, manomi daga baya aka tuna da shi. Babbar tashar jihar nan na filin jirgin Sultan Abubakar na Uku a Sakkwato, fiye da kilomita 100 daga Sabon Birni.

To yanzu, shin suna faɗin gaskiya? Amsar ta danganta da irin hasashen, domin iri uku ne, kuma mu kan cakuɗa su.

Na farko shi ne hasashen damina baki ɗaya. Wannan yana da ɗan ƙarfi idan ana maganar yanki mai faɗi. A watan Afrilun 2024 masanan yankin sun zauna a Abuja suka ce daminar Sahel za ta zarce yadda aka saba, kuma a yi shirin ambaliya. Kowa ya ga abin da ya biyo baya. A ƙarshen Agusta ruwa kimanin milimita 150 ya sauka a Maraɗi cikin abin da bai kai awa biyu ba, fiye da kwatan ruwan shekara guda ke nan, mutum 15 suka rasu. A farkon Satumba tsohon masallacin Damagaram na ƙasa ya rushe. Ranar 10 ga Satumba madatsar Alau ta ɓalle, Maiduguri ta nutse. Hasashen ya yi daidai, an kuma faɗe shi wata huɗu kafin lokaci. Amma bai ce Maraɗi ba, bai ce ranar kaza ba, kuma ba zai iya cewa ba. Haka nan idan suka ce akwai yiwuwar kashi 60 cikin 100, ma'anarsa a cikin shekaru goma masu irin waɗannan alamu, shida za su zo da ruwa mai yawa, huɗu ba za su zo da shi ba. In aka faɗa cikin huɗun nan, ba ƙarya aka yi maka ba.

Na biyu shi ne hasashen gobe da jibi a gari kaza, irin wanda waya ke nuna maka da hoton gajimare. Nan ne rauni yake, kuma masu ƙorafi na da gaskiya. A 2018 masana a Karlsruhe ta ƙasar Jamus sun gwada manyan kwamfutocin hasashe na duniya a kan ruwan yankinmu, suka tarar da kyar suke fin wanda ya duba tarihin shekarun baya kawai ya ce yau ga abin da aka saba. Dalili shi ne yanayin ruwanmu. A Turai ruwa na zuwa da faffaɗan gajimare mai tafiya kwanaki, ana hango shi tun daga teku. Mu kuwa kusan kashi 90 cikin 100 na ruwanmu daga manyan hadurran nan ne da ke haɗuwa da la'asar, su taso daga gabas da iska da ƙura, su zubar su wuce. Inda za su haɗu ya danganta da abubuwa ƙanana, har da laimar ƙasar da ruwan shekaranjiya ya bari. A farkon shekarun 1990 an jera ma'aunin ruwa kusan 100 a kewayen Yamai, aka ga ƙauyuka biyu da tazararsu ba ta wuce kilomita 10 ba na iya samun damina mabambanciya ƙwarai a shekara guda. Manomi ya san wannan tun da daɗewa: a yi ruwa a Unguwar Lalle, Tsamaye ko ɗigo. Don haka in wayarka ta ce gobe ruwa a Sabon Birni, ka ɗauke shi a matsayin wataƙila. Kada ka fitar da irin da ya rage maka saboda ita.

Sai dai ko a nan akwai abin da ake iya sani. Da zarar hadari ya haɗu, tauraron ɗan adam na ganinsa, sabon hoto duk minti 15 ko ƙasa da haka. Irin wannan hadari na tafiya yamma da gudun kimanin kilomita 50 a awa. Wanda aka gani kan Damagaram da la'asar, in bai watse a hanya ba, cikin dare zai iso mana. Awa biyar ko shida sun isa a kwashe hatsin da aka shanya, a fitar da tsofaffi da yara daga ɗakin da ya jiƙa, a hana kwalekwale tashi.

Na uku shi ne hasashen gulbi, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Ruwan da ke cinye mana shinkafa da gidaje sau da yawa ba a kanmu ya sauka ba. Gagare na tahowa daga Zamfara ta Ƙauran Namoda. Bunsuru na kwaso ruwan Katsina, har da na Karaduwa inda madatsar Zobe take. Gulbin Maraɗi na tasowa daga Katsina, ya bi ta madatsar Jibiya, ya shiga Nijar ta Madarumfa da Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, ya sake dawowa Najeriya. Dukkansu a ƙasar Isa da Sabon Birni suke tattaruwa su zama Rima, su gangara Goronyo. Ruwan da ya riga ya sauka ƙasa ya shiga gulbi ba ya buƙatar kwamfuta. Hanyarsa ɗaya ce, kuma yana ɗaukar lokaci kafin ya iso. Wanda ke sama ya gan shi da idonsa kafin na ƙasa. A duk nau'o'in hasashe babu mai tabbas kamar wannan, kuma babu mai arha kamarsa.

Amma dubi tarihinmu da shi. An gama madatsar Goronyo a 1984, tana ɗaukar ruwa kyubik mita miliyan 942. A watan Satumban 2010 ta cika ta batse, ruwa ya ɓalle, ƙauyuka irin su Kagara suka nutse, gadar hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta karye, dubban mutane suka koma makarantu da tantuna. Ruwan nan kwanaki ya yi yana taruwa, kuma ta gabanmu ya wuce. A watan Maris na 2018 madatsar nan dai ta ƙafe har ta koma kusan kashi 10 cikin 100, Sakkwato ta shiga fargabar ruwan sha. Wata huɗu bayan haka, a Yulin 2018, ruwan dare ɗaya ya kashe sama da mutum 40 a Jibiya. Fari da ambaliya a shekara guda, a kan gulbi guda.

Kuma abin ƙaruwa yake. A 2017 wata tawaga ƙarƙashin Christopher Taylor ta duba hotunan tauraron ɗan adam na shekara 35, ta gano cewa manyan hadurra masu tsanani a Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982, kuma ta danganta haka da ƙaruwar zafin Sahara. Ruwa ya dawo bayan shekarun fari, amma ya dawo da wani hali: ya zubo da yawa lokaci guda, sannan ya yi kwanaki bai leƙo ba. Lissafin da dattijo ya gada na nan da amfaninsa wajen sanin lokaci, sai dai an gina shi a kan daminar da ta sauya.

Me ya hana labarin gulbi isowa? Ba rashin yarjejeniya ba ne. Najeriya da Nijar na da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, kuma a 1990 sun sa hannu a Maiduguri kan ruwan da suka yi tarayya a kai, Gulbin Maraɗi na ciki. Amma bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe iyaka har zuwa Maris na 2024, dangantaka ta yi tsami. Gulbi kuwa bai san an rufe boda ba. Na biyu, rashin tsaro. Ma'aikacin da zai je ya karanta ma'auni a bakin gulbi kullum safiya, wa zai tura shi hanyar da ake tare mutane? A Satumban 2021, tsakiyar lokacin cikar gulbi, an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato, har da Sabon Birni da Isa. Ko da an so yin gargaɗi a lokacin, ta ina? Na uku, 'yan bindiga sun raba mutane da gonakin tudu na nesa, an matsu a fadama da gefen gari, wato daidai inda ruwa ke fara ci. Na huɗu, sanarwar kanta. A ce jihar Sakkwato na cikin jihohin da ambaliya za ta shafa tsakanin Yuli da Satumba, da Turanci, a wani otal a Abuja. Wannan gaskiya ce, amma me mai shinkafa a Tsamaye zai yi da ita?

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa kanta wa'adi a 2022 cewa zuwa 2027 kowane ɗan adam ya kasance yana samun gargaɗi kafin bala'in yanayi. An kuma ƙiyasta cewa gargaɗin awa 24 kacal na iya rage ɓarna da kashi 30 cikin 100. Ba na zaton wa'adin nan zai iso mana da kansa. Amma akwai abin da ba sai mun jira kowa ba.

A samu ginshiƙin gada ko turken ƙarfe a mashigar kowane gari na bakin gulbi, a yi masa zane da fenti taki-taki, a sa alama ja a inda ruwa ya kai a 2010 da 2020 da 2024, tun masu tunawa na raye. Sarkin ruwa da masu fito su riƙa duba shi safe da yamma. A haɗa lambobin waya daga sama zuwa ƙasa: Jibiya, Maraɗi, Gidan Runji, Shinkafi, Isa, Sabon Birni, Tsamaye, Goronyo. Wannan ba zai yi wuya ba, domin tun 2019 dubban 'yan uwanmu ke gudun hijira a yankin Gidan Runji, kuma dama can Gobir ɗaya ce, auratayya da kasuwa sun haɗa mu. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. In labari ya iso, a faɗe shi a lasifikar masallaci da bakin sanƙira, da Hausa, a ce ruwa ya kai alama kaza a wuri kaza.

Kowace makarantar da ke aiki ta ajiye ma'aunin ruwan sama. Kuɗinsa bai kai na buhun taki ba. Malami ɗaya da ɗalibai su riƙa rubuta abin da ya sauka a littafi. Cikin shekara biyar za mu iya riƙe hasashen NiMet a hannu ɗaya, littafinmu a ɗaya, mu ce ga inda kuka dace, ga inda kuka kauce. Yanzu musu kawai muke, su ba su da awon garinmu, mu ma ba mu da shi. Su kansu masu hasashen ba za su gyara aikinsu a kanmu ba sai da irin wannan awo.

Shugabannin ƙananan hukumominmu da 'yan majalisarmu kuma, ga tambaya uku da ya kamata a yi musu kafin damina: tashar auna gulbi nawa ke aiki tsakanin iyaka da Goronyo? Wa masu kula da madatsun Jibiya da Zobe ke kira kafin su saki ruwa? In an kira, wa ke sanar da masu unguwanni? Duk wanda ya samu amsa ya kawo mana nan mu gani.

Manoma kuma, a saurari hasashen damina a rediyo don zaɓen iri da shirin tsaikon ruwa. In an ce ruwan farko na iya yaudara, a rage yawan binne, a ajiye wani iri. Hasashen waya na gobe a ɗauke shi da sauƙi. Labarin gulbi kuwa, in ya zo daga wanda ya gani da ido, a tashi a lokacin, kada a ce sai an ga abin da safiya ta yi.

Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa da yunwa da 'yan bindiga suka raba mu da su. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya dawo mana da zaman lafiya a Gobir da ƙasa baki ɗaya. Wanda ke da ɗan uwa a garuruwan da na lissafa, don Allah ya tura masa.